Sharar Aji

"Mamma, wanga baƙon ma sai na sh-shiga magaza?"

Idi ne ya yi tambayar, yana tsaye bakin ƙofar ɗaki da takalmi ɗaya a ƙafa. Baƙon kuwa ba kowa ba ne, Yaya Ma'azu ne, wan mijina. Ya taho Tawa daga Barmu sayen maganin dabbobi, ya biyo ya gaishe mu. Ina durƙushe ina miƙa masa ruwa.

"Wace magaza kuma?" in ji Yaya Ma'azu yana dariya. "Zuhura, buhun gero kika mai da ɗan namu?"

Na yi dariya ni ma, don kada a ga fuskata. Gidanmu babu magaza, wato ɗakin ajiya. Ɗaki biyu ne da rumfa.

"Taho ka gaida Baba," na ce.

Bai taho ba. Ya zagaya bayan randa ya zauna, ya naɗe ƙafafu, ya ɗora yatsa a kan leɓensa. Na san wannan zaman. Shi ake koya mana mu koya wa yara idan muna son aji ya yi tsit.

Idi shekararsa huɗu, kuma yana da i'ina tun da ya fara magana. Kalma takan tsaya masa a baki kamar jaki a bakin gulbi, sai an yi haƙuri ta ƙetare. Ubansa Muktari yana Abijan yana neman abin da za mu ci, kamar yawancin mazan Adar. Kafin ya tafi ya yarje mini shekara guda in shiga wata makaranta mai zaman kanta da ke horar da malaman jardan, wato ajin ƙananan yaran da ba su isa shiga lakol, makarantar firamare, ba. Makarantar tana da nata jardan a baya, inda ɗalibai ke gwada hannu, kuma ana karɓar 'ya'yanmu a ciki. Na yi murna da haka ƙwarai. Na ce ga wurin da aka san yaro, ga mutanen da suka karanci i'ina a littafi.

Da lokacin sitaj ya zo, sai aka tura ni Kalfu in yi koyon aiki a wani jardan na ƙauye. Watanni na yi ina kwana can, sai ƙarshen mako in dawo. Inna, mahaifiyata, ita ke kai Idi da safe ta ɗauko shi da rana. Ban daɗe da dawowa gaba ɗaya ba, don an fara jarrabawar aiki: kowace ɗaliba za ta koyar da darasi guda a jardan ɗin makaranta, anspekta, mai duba makarantu, yana zaune yana ba ta maki. Ana bin jerin suna, ni ce kusan ta ƙarshe.

Da Yaya Ma'azu ya tashi tafiya, ya tsaya yana sa takalmi, ya ce, "Karatun nan dai shekara guda Muktari ya ce, ko? To, Allah shi ba da sa'a. In an samu takarda, madalla. In ba a samu ba, ɗakinki na nan Barmu."

Na ce amin. Na san ba wasa yake ba.

Da la'asar ina yi wa Idi wanka na tambaye shi, a hankali, ina cuɗa masa baya don kada ya ga ina kallonsa.

"Wace magaza ce kake faɗi ɗazu?"

"Ta j-jardan."

"Wa ke kai ka?"

"Tanti Jummai. In baƙi masu jaka za su zo. Ni da Gaisha da Habila mai k-kuka. A ba mu fanke. A ce shiru."

"Akwai duhu ciki?"

"Akwai taga ƙarama." Ya yi tunani. "Akwai ɓ-ɓera. Gaisha ba ta tsoro."

Na ci gaba da zuba masa ruwa har bokitin ya ƙare, ban lura ba sai da ya ce sanyi yake ji.

Washegari ban shiga aji ba, na nemi Na'omi. Bencinmu ɗaya tun farkon shekara. 'Yar wajen Maraɗi ce, babanta malamin lakol ne a nan Tawa. Ita ke ara mini kayenta, littafin da take rubuta darasi, idan na makara, ni kuma in kawo mata kilishi. Ta riga ta yi tata jarrabawar. Na same ta ƙarƙashin itacen bedi tana yanka kwali.

"'Yar Kalfu! Kin dawo da fura ko hannu banza kika zo mana?"

"Na'omi, mi ake yi da yara a magaza?"

Almakashin ya tsaya a hannunta. Ta duba hagu da dama.

"Ke dai ƙauye ya cinye ki. Ba ki san sharar aji ba?"

Ta yi mini bayani tana kallon kwalinta. Kafin anspekta ya iso, akan fitar da yaran da za su ɓata darasi: mai kuka, mai fitsari a wando, mai jinkirin magana, da irin su Gaisha, 'yar Buzaye da iyayenta suka sauko daga arewa bana, ba ta jin Hausa balle Faransanci. Jummai mai shara ta kai su ɗakin ajiye tabarmi da kujeru, ta zauna da su har baƙi su tafi. Tun da aka kafa makarantar haka ake yi. 'Yan shekarar da ta wuce su suka gaya wa 'yan bana.

"Ke ma kin share?"

"Kowa ya share."

"Da Idi?"

Ta ci gaba da yankan kwalinta.

"Na'omi, ke kike ɗaukarsa a kafaɗa. Ke ya fara kira Tanti."

"Ba ni ke zaɓe ba," ta ce, muryarta ta yi ƙasa. "Madam ce ke nunawa da haɓa. Ni na ce a ƙara masa fanke. Mi kike so in yi, Zuhura? Ƙannena huɗu suna jiran takardar nan."

Na bar ta nan na nufi ofishin Madam Rahamatu.

Madam Rahamatu ita ce shugabar jardan ɗin, kuma ita ta koya mana darasin da na fi so duk shekara. Ita ta ce kowane yaro da tafiyarsa. Ita ta ce idan za ki yi magana da yaro ki durƙusa idonki ya yi daidai da nasa, kuma kada ki taɓa ƙarasa wa mai i'ina kalmarsa. Ranar da ta faɗi haka na koma gida na rungume Idi, Inna har tana tambaya ko lafiya.

Na gaishe ta yadda ya kamata, sannan na faɗi abin da ya kawo ni. Ba ta musa ba. Ta cire tabarau ta ajiye.

"Zauna, ɗiyata."

"Na gode, Madam, tsaye ma ya isa."

"Rabin awa anspekta ke ba ki. Cikinta za ki yi waƙar buɗewa, ki gabatar, ki yi tambayoyi, ki sa su aiki, ki rufe. In ba ki kai ƙarshe ba, kin faɗi. Yaro guda mai kuka ya isa ya cinye miki rabi. Ni ban ƙirƙiro wannan ba. Ni ma da aka jarraba ni, an share mini."

"Amma, Madam, ke kika ce..."

"Na ce, kuma gaskiya ce. Wancan don aikinki ne na shekara talatin. Wannan don rabin awa ne. Ki samu takardarki, ki tahi ki durƙusa gaban yara har gwiwarki ta yi kanta."

"Anspekta ya sani?"

Ta yi wani ɗan murmushi mai gajiya. "Yara na tuɓe takalma bakin ƙofa, ko ba haka ba? Shekara da shekaru yana tsallake takalman da suka fi ƙafafun da ke bisa tabarma yawa. Bai taɓa tambaya ba."

"Ɗana ya fara ɓuya bayan randa in an yi baƙo."

Ta mayar da tabaraunta, ta ce, "To ki bar shi gida ranakun jarrabawa. Da na san zai ɗauke shi haka, da na faɗa wa kakarsa tun farko. Wannan shi ne abin da zan iya yi miki."

Na bar shi gida. Kowace safiya ya ɗauko rigarsa ta jardan ya tsaya bakin ƙofa, ni kuma in ce yau hutu ne. Ya leƙa waje ya ga 'ya'yan maƙwabta da tasu rigar, ya juyo ya dube ni. Sai na ga ashe magazar ce na ɗauko na kawo gida, har ma babu fanke. Gaisha da Habila kuwa suna can, ina wucewa ta bayan ginin ina jin Jummai tana cewa shiru.

Darasina kan dabbobin gida ne. Na zana su a kwali, na shafa musu launi: jaki, raƙumi, tunkiya, zakara. Ina yi Idi yana kwance kusa da ni rub da ciki. Ya ɗauki tunkiyar ya ce ta yi kama da ta Kaka. Idan yana wasa shi kaɗai, ko yana waƙa, kalmomin sukan fito masa sumul.

Ana gobe jarrabawata Inna ta ce, "Zuhura, ki bar min shi in tahi da shi gidan suna. Ki yi abin da kowa ke yi. Gobe ɗaya ce."

Na'omi ma ta aiko saƙo a waya: "Don Allah kada ki yi taurin kai."

Na yi niyyar bin maganarsu. Wallahi na yi. Ba ni da wata sana'a, kuma na san zaman da ke jirana a Barmu. Amma da safe na fito na tarar da shi ya sa rigarsa a baibai, ya riƙe kwalin tunkiya da hannu biyu.

"Yau k-ke ce Tanti," ya ce. "Kaka ta faɗi. Ke ba ki kai ni magaza."

Ba tambaya ya yi ba. Na juya masa rigar daidai, na kama hannunsa.

Da yara suka zauna bisa tabarma, Jummai ta shigo da farantin fanke. Tun kafin ta yi magana Habila ya miƙe, Gaisha ta bi shi. Sun san hanya. Idi ya dube ni.

"Tanti Jummai, yau babu shara," na ce. "Ku zauna, 'yan ƙanana."

Jummai ta juya ta dubi Madam Rahamatu da ke bakin ƙofa. Madam ta matso ta ce a kunnena, "Kin san abin da kike yi?"

"Na sani, Madam."

"Ba ki sani ba." Ta koma ta tari baƙi.

Anspektan, Mushe Tijjani, kamar yadda ake kiran maza da Faransanci, dogo ne mai furfura a gemu. Ya tsallake takalma, ya zauna a kujerar baya, ya cire agogonsa ya ajiye bisa gwiwa.

Waƙar buɗewa ta tafi daidai. Na ɗaga jaki, suka ce jaki, na faɗa musu sunansa da Faransanci suka maimaita. Na ɗaga raƙumi. Sai Gaisha, wadda ba a taɓa jin muryarta a ajin ba, ta yi tsalle ta ce, "Amnis!" Ta taho da gudu ta ƙwace kwalin ta rungume. Yara suka fashe da dariya. Na durƙusa na ce mata, "Awo, amnis. Mu kuma muna cewa raƙumi." Ta ƙi sakin kwalin. Na bar mata. Hayaniyar ta tsorata Habila ya fara kuka, na ɗauke shi na saɓa a kafaɗa, na ci gaba da hannu ɗaya.

Na ɗaga tunkiya. "Wa zai faɗa mini wannan?"

Hannuwa suka tashi. A can gefe, hannun Idi ma yana sama. Na san waɗanda za su ba ni amsa nan take, an nuna mini su tun jiya. Na ga Madam tana nuna mini wata yarinya da ido.

"Idrisa," na ce.

Ya miƙe. Ya buɗe baki. "T-t-t..."

Na je gabansa na durƙusa da Habila a kafaɗa.

"T-t-t-t..."

Wani yaro ya kwaikwaye shi, aka yi dariya. Wata ta yi ihu, "Tunkiya ce, Tanti!" Ban juya ba. Jijiyar wuyansa ta tashi, ya runtse ido, yana buga ƙafa a tabarma. Na ji ƙarar kujerar anspekta. Kalmar tana bakina, da na sake ta da an wuce wurin. Na riƙe ta. Ban san iya lokacin da muka ɗauka ba, na dai san ƙafata ta mutu.

"T-tunkiya," ya ce. Ya ja numfashi. "Irin ta Kaka."

"Haka ne. Irin ta Kaka. Ku tafa masa."

Suka tafa. Ya zauna yana haki, yana dubana kamar wanda ya ɗauko tulu daga rijiya shi kaɗai.

Ban kai ga zakara ba. Ina raba musu takardun da za su shafa wa launi Mushe Tijjani ya mayar da agogonsa a hannu ya miƙe.

Na bi shi waje. Na san ba a yi, amma na bi shi.

"Mushe, don Allah."

Ya tsaya. Ba shi da faɗa a fuska. "Madam, kina da haƙuri da yara, na gani. Amma ba ki kai ƙarshen darasi ba, kuma aji ya fi ƙarfinki. 'Yan'uwanki duka a wannan ajin suka yi, ban ga haka ba."

"Ba wannan ajin ba ne, Mushe. Yau ne kawai ka ga ajin duka. Sauran ranakun uku daga cikinsu suna magaza." Na nuna masa ƙofar, ga ta nan kusa, da kwaɗonta a rataye.

Bai juya ya duba ba. Ya gyara jakarsa a hammata.

"Ni abin da aka nuna mini nike ba maki," ya ce. Ya tsallake takalman ya wuce.

Sakamako ya fito bayan ƙaramar salla. Kowa ya ci sai ni da wata da ta haihu ba ta zo ba. Aka ce ina iya maimaita shekara. Na kira Muktari na gaya masa duk yadda aka yi. Ina jin ƙarar motocin Abijan a bayansa. Sannan ya ce, "Da kin bar shi gida, Zuhura. Rana ɗaya." Ya ce shekara guda muka yi alkawari, kuma ya riga ya gaya wa Yaya Ma'azu ya gyara rufin ɗakin.

Na'omi ta zo sallama. An tura ta Takanamat. Ta kawo wa Idi alewa, ta zauna bakin gado tana murza gefen zanenta.

"Can babu magaza," ta ce. "Rumfar zana ce kawai."

"To in anspekta ya zo fa?"

"Ban sani ba." Ta share ido. "Ke ya kamata a tura, ba ni ba."

"Amma ke aka tura."

Ban faɗa don in ɓata mata rai ba. Haka abin yake. Madam Rahamatu kuwa na gamu da ita a babbar kasuwa, ta riƙe hannuna ta ce ta yi baƙin ciki, ni ce ɗalibar da ta fi fahimtar darasinta. Na tambaye ta Gaisha. Ta ce tana nan. Na tambaya ko an daina shara. Ta ce tumatir ya yi tsada bana.

Yanzu muna Barmu. Ina daka, ina ɗebo ruwa, ina kiwon tumakin gidan. Kwalayen dabbobin suna ƙarƙashin katifa, wani lokaci in fito da su 'ya'yan gidan su taru. Idi ya rage ɓuya, sai dai idan baƙon yana da jaka. Rannan muna tsince wake ya ce, ba tare da ya ɗago ba:

"Mamma, ni na sa kika f-faɗi?"

"Wa ya ce?"

"Matar Baba Ma'azu. Ta ce da na yi sauri."

Na ajiye tiren na durƙusa gabansa. Na ce masa a'a, shi ne ya fi kowa ba da amsa mai kyau ranar. Ya gyaɗa kai. Ban san ko ya yarda ba. Tun daga ranar, in kalma ta tsaya masa sai ya bar ta ya yi shiru, abin da bai taɓa yi ba a da.

Waɗanda muka yi karatu tare suna nan sun bazu, daga Tawa har ƙauyukan arewa, kowace da takardarta da ajinta, kuma kowace ta san yadda ta same ta. Ba miyagu ba ne, na ci abinci da su kwano ɗaya. Amma ke da kike kai ɗanki jardan kowace safiya, kada ki tsaya ga zanen bango da waƙar da ya koyo. In ɗanki mai jinkirin baki ne, ko mai kuka, ko bai jin harshen ajin, ki bincika ranar da baƙi za su zo, ki tafi ba tare da kin sanar ba. Ki dubi takalman bakin ƙofa, ki dubi yaran da ke bisa tabarma. In kin ga takalminsa ba ki gan shi ba, kada ki tambayi kowa. Ki zagaya baya ki buɗe ƙofar da kanki.